MOTAR DA BA TA HAYAƘI

SHAFI NA 27

Da sunan Allah. Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba," to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wanda yau ya shigo kar ya tsare ni da tambaya, ya karanta zai gane.

*

Magina sun kwashe kayansu tun kafin azahar, amma Namadi bai fito daga ɗakin ba.

Ɗakin Batulu ne, matarsa mai rasuwa. Damina biyu yana kulle. Sai makon jiya ya sa aka fasa bangon da ke kallon hanya, aka kafa ƙofar ƙarfe mai faɗi, don nan motar za ta riƙa kwana. Tagar da ke akwai ya sa an toshe ta da bulo. Bangon da ya raba ɗakin da na mahaifiyarsa, Inna Barira, ya sa an huda masa rami wanda hannun mutum ke shiga, ta nan wayar wuta za ta bi.

An shafe ƙasa da siminti. An yi fenti, an ƙara.

Shi dai har yanzu warin yake ji.

Magini ya ce ba wari. Leburori sun ce ba wari. Shi yana ji, can ƙasan maƙogwaro, warin hayaƙin janareto. Da hannunsa ya ja janareton ya shigar da shi ɗakin nan ranar da ruwa ya tsuge, don kar ya jiƙe, ya ja musu ƙofa, ya tafi fadama duba shinkafa. Da gari ya waye Batulu da ɗansu Lauwali suna kwance kamar masu barci. Fanka ma tana ta juyi a kansu.

Ranar da aka rufe su ya sa gatari ya sassare janareton, ya dafa Alƙur'ani ya rantse inji ba zai ƙara kuka a gidansa ba.

To yanzu ga Inna kwance asibiti a Birnin Kabi, huhu ya gaji, ba ta numfashi sai da injin iska. Likita ya ce ba za ta koma gida ba sai inda wuta ba ta yankewa. Wutar ƙauyensu kuwa, can gaba da Kaoje, baƙuwa ce, ta leƙo yau sai kuma an gan ta. Sola ya sa bara, ambaliya ta cinye batiran. Shi ne ya sayar da shinkafarsa ya tura ƙanensa Zayyanu Kwatano ya sayo mota mai caji, wadda ke shan wuta ta ajiye a ciki, ta ba gida in an ɗauke. Ba ƙara, ba hayaƙi.

"Salamu alaikum."

Namadi ya juyo da sauri. Zayyanu ne tsaye bakin ƙofar ƙarfen, wando jiƙe har cinya, takalmi a hannu.

Sai da Namadi ya leƙa bayansa. Hanya wayam, sai wata akuya tana cin buhun siminti.

"Wa alaikumus salam. Ina take?"

"Haba Yaya, ko ruwa ba ka ba ni ba."

"Ruwa ga shi nan jikinka har cinya. Ina motar?"

Zayyanu ya ajiye takalmin.

"Tana nan lahiya lau. Na aje ta gidan wani abokina bayan Segbana, can cikin Benin, mun luɓe ta da tamfol."

"Segbana? Jiya kac ce min kana bakin iyaka."

"Awo, bakin iyaka nike. Rahin da ke hanyar daji ya kawo, Yaya. Ni kaina da kwalekwale anka hiddo ni. Motag ga batirinta ƙasan ciki shike, kamar hantsar saniya. In na tsoma ta ruwan ga, shinkahwarka ta bi ruwa ke nan."

"Sai yaushe?"

"Sai ruwa ya janye. In ba a ƙara ba."

Duk suka ɗaga kai. Gabas ta yi baƙi ƙirin, har ta fara gunaguni.

Namadi ya yi tsaki, ya share hannu a riga. Wata guda ke nan ba ya barci sai da motar nan a ransa. Ya san launinta, ya san inda ake soka mata waya, ya kalli hotonta har gilashin wayarsa ya yi maiƙo. Ya danne abin da ya taso masa.

"To shigo ka ga ɗakinta."

Zayyanu bai motsa ba. Shi ya ɓalle ƙofar ɗakin nan da taɓarya a waccan safiya. Shi ya ɗauko Lauwali a kafaɗa. Tun ranar ko inuwar ɗakin ba ya bi.

"Shigo mana, ba kowa ciki."

Ya shiga da bismillah. Ya dubi rufi. Ya dubi bango. Ya juya ya sake dubawa.

"Yaya, ina tagar?"

"Na toshe."

"Don mi?"

"Don idon mutane. Mota ta biyo daji ba takardar kwastan, so kake kowane ɗan tsegumi shi leƙo shi ƙirga mata taya, gobe a kwana da labarin kasuwar Kaoje? Ga ƙohwa nan, na sa an yi mata roba ƙasa, ko ƙadangare ba shi shiga."

"Ramin ga hwa?"

"Na waya na. Gadon Inna na bayan bangon ga daidai. Kanta na nan." Ya dafa bangon, ƙasa da ramin kaɗan. "Na auna. Ko taku ba a yi, wuta ta kai ga injinta."

Zayyanu ya sulale ya zauna kan sabon simintin. Ya riƙe kai da hannu biyu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Kai, lahiya? Mi na na?"

Zayyanu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Zayyanu, da kai nike. Ka ɓata motar?"

"Ban ɓata ta ba."

"An ƙwace?"

"Ba a ƙwace ba." Ya ɗago. Idonsa ya yi ja. "Yaya, motar tana da inji."

"Wane inji?"

"Injin hetur. Da tanki. Da salansa."

Namadi ya yi wata dariya gajera wadda ba ta kai ciki ba.

"Gajiya ta taɓa ka. Kai ka nuna min a waya ana soka mata wuta kamar salula. Kai kac ce min ba ta ƙara, ba ta hayaƙi."

"Ban yi ma ƙarya ba. In batir na cike, ko kyanwa ta hi ta ƙara. Amma biyu ta haɗa, wuta da mai. In tana ba gida wuta batir ya yi ƙasa, da kanta take tada inji ta cika shi."

"Da kanta."

"Da kanta. Ba ta sallama, ba ta neman izinin kowa. Ko kana masallaci. Ko kana barci."

Namadi ya juya ya kalli ƙofar ƙarfen.

"Ka yi lissahi, Yaya. Wutar garin ga sai ta yi kwana da kwanaki ba ta leƙo ba. Batir shi riƙe injin Inna yau, shi riƙe gobe. Jibi hwa? Ƙohwa na kulle, ka sa mata roba. Taga ka toshe. Hayaƙi shi nemi hanya, shi rasa, sai..."

Bai ƙarasa ba. Ramin ya kalla.

Namadi ma ya kalla. Ta cikin ramin ana hango gefen matashin Inna, fari, Rahma ta wanke shi kafin su tafi asibiti.

"Don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Muryar ta fito a hankali. Wanda ya san Namadi ya san gara ihunsa.

"Don na san ka."

"Ka san ni."

"Na san ka, Yaya! In kaj ji kalmar inji ka hwasa, ko Inna na shure-shure. Kai da ba ka zama aski shagon Ɗanliti sai ya kashe janareto ya ɗauko aska? Kai da ka bar masallacin Juma'a na bakin kasuwa don ƙarar injinsu? Mai batir zalla kuma ba ta kai Inna Birni ta dawo, ina wurin caji a hanyag ga? Na ce bari in kawo ta, in aje ta tsakar gida cikin sarari, in zauna da kai in yi ma bayani sannu sannu. Ni na san kabari za ka gina?"

Namadi ya yi taku ɗaya ya shaƙo wuyan rigar Zayyanu, ya ɗago shi tsaye.

"Maimaita."

"Kabari, Yaya. Irin na wancan karon. Sai dai wanga ya hi kyau, an yi mai henti."

Hannun Namadi ya tashi sama.

Bai sauka ba.

Don a daidai lokacin ya ji kukan janareton. Tut tut tut tut. Can ƙasa ƙasa, daga kusurwar da ya ajiye shi a wancan daren. Ya san babu komai a wurin. Ya san da gatarinsa ya raba shi gida gida, 'yan gwangwan suka kwashe. Amma kunnensa bai san haka ba. Ƙarar na nan, da fanka tana juyi, da tarin Lauwali sau ɗaya lokacin da yake jan ƙofa. Ya ji tarin a ranar. Ya ce sanyin damina ne.

Ya saki rigar.

"Da na kashe ta," ya ce. Ba da Zayyanu yake ba. "Da na kashe ta ita ma, ina murna."

"Allah ya tsare, Yaya. Ai ba ta zo ba. Gobe a kira magini shi hwasa tagar, a toshe ramin, mota ta kwana waje ƙarƙashin darbejiya. Inna na asibiti, akwai lokaci."

Namadi ya kawar da kai.

"Yaya? Na ce akwai lokaci."

Sai ga ƙarar hon a ƙofar gida. Sau biyu, dogo.

Zayyanu ya leƙa. Tsohuwar motar haya ce, laka har gilashi. Ƙofar baya ta buɗe, Rahma ta fito, 'yar Namadi, wadda Allah ya tsirar a wancan daren don ɗakin kakarta ta kwana. Ita ke jinyar Inna a asibiti. Hijabinta duk taɓo, tana rungume da wata 'yar tukunyar iska kamar jariri, robar ta miƙe zuwa cikin mota.

"Baba! Baba Zayyanu! Ku zo ku kama ta!"

Zayyanu ya ruga.

"Ke, wa ya ce a sallamo ta?"

"Ita ta sallami kanta. Baba ya ce mata jiya a waya mota ta iso. Tun asuba ta ɗaure kayanta tac ce ba ta ƙara kwana gadon da wasu sunka mutu. Likita ya yi, ya yi, tac ce ɗanta ya sawo mata wutar da ba ta ɗaukewa. Shi na ya ce to, tunda akwai wuta gida."

Zayyanu ya juyo ya dubi yayansa.

"Kac ce mata ta iso?"

"Kai kac ce kana bakin iyaka." Namadi ya sunkuyar da kai. "Kuka take min. Na ce bari in kwantar mata da rai."

Suka ciro tsohuwar. Ba nauyi, kamar damin kara. Idonta a rufe, robar iska a hanci, leɓenta ya yi duhu. Suka shimfiɗe ta a gadonta. Injin iskan da Namadi ya saya yana nan gefe cikin kwalinsa, ko ledar ba a cire ba.

Rahma ta danna makunnin fitila a bango. Ta sake dannawa.

"Ba wuta?"

"Tun shekaranjiya," in ji Namadi.

"To a jona motar. Tana ina?"

Namadi ya dubi Zayyanu.

"Baba, motar tana ina?"

"Tana Benin," in ji Zayyanu.

Rahma ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta juyo da tukunyar ta nuna musu agogon da ke kanta. Allurar ta shiga cikin ja.

"Ta hanya ce kawai anka ba mu. Mun daɗe a hanya, ko'ina ruwa."

"A mai da ta," in ji Namadi. "Ina direban? A mai da ta yanzu."

"Ta ina? Kwalbatin da ke bayan gari da ƙyar samari sunka turo mu. Muna hitowa ruwa ya haye shi. Direban ma nan za shi kwana."

Zayyanu bai tsaya jin sauran ba. Ya fita da gudu ba takalmi.

Namadi ya san inda ya nufa. Ya bi bayansa har zaure, ya tsaya a tsakiyar ƙofa, ya dafa dogaran biyu. Iska ta taso, tana kaɗa kwanon rufi. Ba a jima ba sai ga su, Zayyanu na tura baro, Ɗanliti mai aski na biye yana riƙe da waya a naɗe da galan ɗin mai. Cikin baron ga janareto nan zaune, ɗan ja, duk maiƙo.

Warin ya riga su isowa.

"Kauce, Yaya."

"Ba shi shiga."

"Yaya, don girman Allah."

"Da girman Allah na rantse. Na dahwa Alƙur'ani, ƙasar kabarin Lauwali na hannuna ban wanke ba. Ba shi shiga gidan ga."

Ɗanliti ya matso yana sosa ƙeya.

"Alhaji, wanga nawa lahiyayye na, ko tari ba shi yi. Kullum cikin shago nike da shi, ga ni garau."

"Shagonka ƙohwa gare shi? Rumhwa ce. Rufa min baki."

"Baba."

Rahma ce a bayansa. Bai juyo ba.

"Koma wurin kakarki."

"Baba, rantsuwa tana da kaffara. Malam ya karantar da mu. Ka ciyar da miskinai goma, in ba hali ka yi azumi ukku. Ni zan dahwa abincin. Uwa ba ta da kaffara."

"Ke ba ki san abin da nike ji ba."

"Na sani."

Yanzu ya juyo. Tana tsaye, ta matse hannunta biyu a ƙirji.

"Ni ma ina jin shi, Baba. Kullum. In na kwanta, ta bango shike zuwa. A ranar ma na ji shi, na ji lokacin da Lauwali ya yi tari, na ce bari gari shi waye. Asibitin can janareto gare su ƙato, bayan tagarmu. Wata guda ina toshe kunne da auduga ina ba Inna magani. Ban gudu ba. Kai ma ba ka gudu."

Namadi ya dube ta. Damina biyu suna gida ɗaya, suna cin tuwo ɗaya, bai taɓa tambayarta ba.

Hannunsa ya sauka daga dogaran ƙofar.

Zayyanu ya yunƙura zai turo baron.

"Sake shi," in ji Namadi. "Ni za ni ɗauka."

Ya sunkuya ya rungumo shi. Man ya zubo masa a riga. Ya ratsa zaure, ya wuce ƙofar Inna, ya wuce madafa, ya wuce rijiya, bai tsaya ba sai can ƙarshen gida gindin rumbu, inda ba ɗaki ko ɗaya kusa. Nan ya dire shi, ya juya bakin salansar ya kalli katanga.

Zayyanu ya warware waya yana ja zuwa ɗakin Inna. Ta kai da ƙyar.

Sai ruwa ya fara sauka. Manyan ɗigo, ɗaya ɗaya, sannan gaba ɗaya.

"Wayyo injina!" in ji Ɗanliti. "Alhaji, ruwa za shi lalata shi. A ɗan ja shi cikin ɗaki mana, ko nan baranda, a ja ƙohwa kaɗan."

Namadi ya ɗago ya dube shi. Kallo ɗaya.

Ɗanliti ya ja baya har ya taka kaskon kaji.

Namadi ya kama kwanon rufin garken awaki ya fizge shi da ƙusoshinsa, ya jingina a jikin rumbu ya yi wa injin rumfa. Kwanon ya yanke shi a tafin hannu, bai ji ba. Ya durƙusa cikin taɓo. Ya buɗe mai. Hannunsa bai manta ba, shi ne abin da ya fi ba shi tsoro.

Ya kama igiyar.

"Astagfirullah. Allah ka ga dalili. Bismillahi."

Ya ja.

Injin ya yi tari ya yi shiru.

Ya sake ja. Tari, shiru.

"Ka ja mai cok," in ji Ɗanliti daga nesa. "In ya ji sanyi gardama gare shi."

Ya ja cok. Ya naɗe igiyar a hannun da ke jini, ya tattara ƙarfinsa duka.

"Namadi."

Igiyar ta kuɓuce masa.

Muryar ba ta da ƙarfi, amma ta ratso ruwan ta same shi. Shi ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, kunya ba ta bari. Yana yaro "kai wanga" take ce masa, da ya girma ya koma "uban Rahma." Ko ranar da aka fito da gawa biyu daga gidan nan ba ta kira sunan ba.

"Namadi."

Ya tashi da gudu, santsi ya kwashe shi, ya miƙe, ya faɗa ɗakin jiƙe sharkaf.

Rahma na durƙushe tana ƙwanƙwasa agogon tukunyar da farce. Allurar ta kwanta. Zayyanu na riƙe da kan waya, ya soka a injin iska, injin shiru.

Inna ta cire robar daga hancinta da kanta. Idonta a buɗe tar, amma ba shi take kallo ba. Ta karkata kai sama, tana kallon ramin da ya huda a bango.

"Inna, ga ni. Mai da robar. Yanzu wuta za ta zo."

"Wa ya buɗe ɗakin yarinyag ga?"

"Ni na, Inna. Gyara anka yi. Ba kowa ciki."

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi, irin na wanda yaro ya yi wa ƙarya.

"To ka ce ma Batulu ta bar kirana ta ramin ga, na ji ta. Ina zuwa. Mayahina nike nema."